BABI NA HUƊU: TARKEN MUTUM-MUTUMIN TUNAWA DA SILIMAR GLEN TA GARIN PAISLEY

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar fasahar bainar jama'a da ire-irenta, watau zane ko sassaƙa ko ƙira da ake kafawa a dandali ko a bakin titi domin kowa ya gani ba tare da ya biya ko kwabo ba. A wannan babi kuwa za a ɗauki aiki guda ɗaya tak a yi masa filla-filla. Aikin shi ne mutum-mutumin da aka kafa a garin Paisley na ƙasar Sikotilan a shekarar 2021, domin tunawa da silimar Glen da yara 71 da suka rasa rayukansu sanadiyyar abin da ya auku a cikinta ranar ƙarshe ta shekarar 1929. Za a fara da taƙaitaccen tarihin garin da silimar, sannan a dubi zubin aikin da jigonsa da salonsa, kamar yadda manazarta suka saba yi wa waƙa ko ƙagaggen labari. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, aikin ya ci nasara wajen dawo da yaran tsakiyar garinsu, amma ya yi shiru game da ƙofar da ta hana su fita, kuma wannan shiru ba ƙaramin naƙasu ba ne.

4.1 Garin Paisley da Silimar Glen

Paisley gari ne da ke yamma da birnin Glasgow, tsakaninsu kimanin kilomita 11. Tun cikin ƙarni na 19 an san shi da saƙa da kuma zaren ɗinki. Manyan gidaje biyu, zuriyar Coats da zuriyar Clark, su suka riƙe sana'ar zare a garin, har kamfanoninsu suka haɗe a 1896. Dubban mutanen garin, musamman mata, a masana'antun zaren nan suke samun abin kai wa baki. Saboda haka garin ma'aikata ne, kuma silima ita ce nishaɗin da aljihun talaka yake iya ɗauka.

Silimar Glen tana tsakiyar gari, daura da babbar mahaɗar tituna da ake kira Cross. Ginin asalinsa zauren taro ne na ƙungiyar Good Templars, masu yaƙi da shan giya, daga baya aka mayar da shi gidan nuna majigi. Bayan abin da ya faru a 1929 ya daina zama silima. Ba a rushe shi ba, sai dai an mayar da shi kantuna, har da na sayar da kayan ɗaki, ta yadda baƙo zai wuce ta gabansa bai san ya wuce wani wuri mai tarihi ba.

4.2 Abin da ya Auku Ranar 31 ga Disamba, 1929

Jajiberin sabuwar shekara, wanda mutanen Sikotilan suke kira Hogmanay, babbar rana ce a wurinsu, a wancan zamani ma ta fi Kirsimeti armashi. Al'adarsu ce a share gida a kintsa shi kafin shekara ta kama. Wannan ya sa iyaye mata da yawa suka tura 'ya'yansu kallon rana da aka shirya wa yara a silimar Glen, domin su sami sararin aikin gida. An ƙiyasta yaran da suka cika zauren tsakanin 700 da 1,000, daga 'yan ƙanana da yayyensu suka riƙo wa hannu zuwa masu kimanin shekara 14.

Fim ɗin wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai suna naitiret, wanda yake da saurin kama wuta ƙwarai. Idan ya kama, yashi ko ruwa ba su cika kashe shi ba, domin shi yake samar wa kansa iskar da wuta take ci da ita, ga kuma baƙin hayaƙi mai guba. A wannan rana, bayan an gama haska naɗi guda na fim, an sa shi cikin gwangwaninsa na ƙarfe, aka ajiye a ɗakin da ake mayar da naɗi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa an ɗora gwangwanin ne a kan wani batir, sai wuta ta haɗu, fim ya fara hayaƙi. An yi ƙoƙarin fitar da gwangwanin waje, amma hayaƙin ya riga ya shiga zaure. Aka yi ihun gobara. Yara suka ruga suka bi matakala zuwa ƙofar baya mai fita wani lungu da ake kira Dyers Wynd, suka tarar ba ta buɗuwa. Na gaba suka faɗi, na baya suka danne su, wasu kan wasu.

Ya kamata a lura da abu guda a nan, domin a kansa tarken nan zai dogara: wuta ba ta kama zauren ba. Turmutsutsu da toshewar numfashi a bayan ƙofa su suka yi ɓarnar. Yara 69 suka rasu nan take ko a ranar, adadin ya cika 71 daga baya, kuma akwai gidajen da suka rasa yaro fiye da ɗaya. Mutanen garin suka riƙa kiran ranar da baƙin Hogmanay. An binne da yawa daga cikin yaran a maƙabartar Hawkhead, inda aka kafa dutse mai ɗauke da sunayensu.

A ƙarshen watan Afrilu na 1930 aka gurfanar da manajan silimar a babbar kotu a Edinburgh bisa tuhumar kisa ta hanyar sakaci. Za a dawo kan wannan shari'a a gaba, a nan dai ya isa a ce kotu ta wanke shi.

4.3 Zubi da Mazaunin Aikin

An yanke shawarar yin wannan aiki ne lokacin da abin ya cika shekara 90 a 2019, aka damƙa shi ga masu fasaha mata biyu, Kerry Stewart, wadda haifaffiyar Paisley ce, da Rachel Lowther. An buɗe shi ranar 30 ga Nuwamba, 2021, a gaban 'yan kaɗan da suka rage daga cikin yaran da suka tsira, waɗanda a lokacin duk sun haura shekara 90. Sunan da aka ba shi da Ingilishi shi ne Rattle/Little Mother, watau Kacau-kacau/Ƙaramar Uwa. Suna biyu ke nan a haɗe, kuma kowanne yana nuni da ɓangare guda na aikin. An ɗauko siffarsa daga kacau-kacau na wancan zamani, irin wanda ake girgiza wa jariri ya yi ƙara, aka girmama shi. Siffar kuwa ta yarinya ce 'yar babba tare da ƙananan yara a jikinta. An ɗora shi bisa ginshiƙin dutse mai tauri mai launin ruwan hoda, kuma a jikin dutsen aka rubuta sunayen yaran da suka rasu.

Mazaunin aikin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a fasahar bainar jama'a wurin da aka ajiye abu rabin ma'anarsa ne. An kafa shi a dandalin Dunn Square, 'yan taku kaɗan daga ginin tsohuwar silimar. A wannan dandali akwai mutum-mutumin Sarauniya Biktoriya, ga kuma na Thomas Coats da na ɗan'uwansa Peter Coats, attajiran zare. Can gaba kaɗan a Cross akwai hasumiyar tunawa da sojojin garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda aka buɗe a 1924, mai ɗauke da barde cikin sulke a kan doki, sojojin ƙasa huɗu na kewaye da shi. Idan aka duba da kyau za a ga cewa kafin 2021 waɗanda suka mamaye tsakiyar garin su ne masu mulki da masu dukiya da mayaƙa. Kwatsam sai ga abin wasan jariri ya shigo cikinsu. Wannan kaɗai magana ce. 'Ya'yan waɗanda suka yi wa gidan Coats aikin zare yanzu suna tsaye a fili ɗaya da masu gidan, kuma kowane yaro da sunansa.

Dutsen maƙabartar Hawkhead ya daɗe yana nan, amma maƙabarta sai wanda ya yi niyya yake zuwa. Dandali kuwa yana tare mai zuwa kasuwa da mai jiran mota da ɗan makaranta, waɗanda ba su fito da niyyar tuna kowa ba. Ta wannan fuska, ɗauko sunayen daga bayan gari zuwa tsakiyarsa shi ne babban abin da aikin ya yi, kuma ko da bai yi komai ba sai wannan, ya biya kuɗin sabulu.

4.4 Jigo

Babban jigon aikin shi ne raino, ko kuma a ce yara masu kare yara. Masu aikin da kansu sun bayyana cewa labarin da suke son siffar ta ɗauka shi ne na yaran da suka zama garkuwar junansu. Wannan ya dace da abin da ya faru, domin yawancin ƙananan yaran a hannun yayyensu aka damƙa su, kuma waɗanda suka tsira sun sha ba da labarin yadda suka riƙe hannun ƙane ko ƙanwa a cikin rububin, ko yadda hannun ya suɓuce. Bahaushe ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane wannan siffa. Yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas da goyon ƙanenta a baya, wani kuma yana riƙe da gefen zanenta, abu ne da ake gani a kowane lungu, shi ya sa ake cewa babbar ya uwa ce.

Za a fi ganin ƙarfin wannan jigo idan aka kwatanta shi da wani aiki makamancinsa a garin Sunderland na ƙasar Ingila. Ranar 16 ga Yuni, 1883, yara 183 suka mutu a zauren Victoria Hall, lokacin da suka rugo daga bene domin karɓar kyautar kayan wasa, suka tarar da ƙofa mai buɗewa ciki an sa mata sakata, an bar 'yar kafar da ba ta wuce yaro ɗaya ya bi ba. Abin tunawar da aka yi musu, wanda yake lambun Mowbray Park, siffar uwa ce ta farin dutse, ta rungume gawar ɗanta tana baƙin ciki. A can babba ce a tsakiya, yaron kuwa ya riga ya mutu, saboda haka baƙin cikin iyaye ake nuna wa mai kallo. A Paisley an juya lamarin. Yaran a raye suke, kuma babu babba ko ɗaya a cikin siffar.

Rashin babba a cikin siffar ana iya yi masa fassara biyu. Ta farko, girmamawa ce ga yaran, an nuna su a matsayin masu yi, ba waɗanda aka yi wa kawai ba. Ta biyu kuwa zargi ne a fakaice: ina manya suke? Zaure mai ɗaruruwan yara, manyan da ke kula da shi ba su taka kara sun karya ba, har ta kai yarinya ƙarama ce ta zama uwa. Idan aka bi fassara ta biyu, sunan Ƙaramar Uwa ba yabo ba ne zalla, akwai ɗaci a cikinsa, domin yaro ba ya zama uwa sai inda manya suka bar gurbi. Sai dai fassara ta biyu tana bukatar mai kallo ya riga ya san labarin. Wanda bai sani ba, ta farko kaɗai zai gani.

4.5 Salo: Alamtarwa ta Kacau-kacau

Salon da ya fi fitowa a aikin shi ne alamtarwa, watau a ambaci abu ana nufin wani. Kacau-kacau ɗin da aka kwaikwaya na seluloyid ne, wata irin roba ta farko-farko da aka fara sarrafawa a ƙarni na 19, aka riƙa yin matazai da 'yartsana da kayan wasan yara da ita. To, seluloyid ɗin nan da fim ɗin naitiret dangin juna ne, tushensu ɗaya. Ma'ana, abin da ake miƙa wa jariri domin ya yi shiru, da abin da ya yi hayaƙin da ya firgita yaran Glen, daga tukunya ɗaya suka fito. Wannan hikima ce babba, domin ta haɗa nishaɗi da halaka a cikin abu guda, kamar yadda silimar kanta ta haɗa su a wannan rana. Har ila yau kacau-kacau abu ne da aka yi domin ƙara, amma wannan ba ya motsi, ba ya ƙara. Waɗanda suka tsira sun sha faɗin cewa bayan abin ya faru ba a zancensa a gidajensu, an dai haɗiye shi shekara da shekaru. Kacau-kacau marar sauti ya dace da garin da ya yi irin wannan gum.

Matsalar ita ce wannan alamtarwa a rufe take ruf. Mutum-mutumin ba da seluloyid aka yi shi ba, kuma ba zai yiwu a yi shi da shi ba tunda a waje zai zauna. Babu yadda ido zai gane dangantakar kacau-kacau da fim sai an gaya wa mutum. A waƙa, idan mawaƙi ya yi alamtarwa mai zurfi, mai sauraro yana da sauran baitoci da za su taimake shi. Mutum-mutumin dandali ba shi da wannan gata, daƙiƙa kaɗan ake ba shi kafin a wuce. Zaren da ya ɗaure aikin da silima ke nan, kuma zare ne siriri wanda sai masani yake gani.

4.6 Abin da Aikin ya Bari: Ƙofa

A nan ne babban saɓanin wannan nazari da aikin yake. Kamar yadda aka nuna a 4.2, hayaƙi firgitarwa ya yi, ƙofa ce ta yi kisa. Da ƙofar Dyers Wynd ta buɗe, da abin da za a tuna bai wuce ranar da aka katse kallo yara suka fito suna tari ba. Amma a siffar aikin babu ƙofa, babu ƙyaure, babu kwado, babu matakala.

A shari'ar 1930 batun ƙofar ne ya fi cin lokaci. An bayyana cewa jami'an kashe gobara na garin sun duba silimar da safiyar ranar, suka ce lafiya lau take. Wani ɗan sanda da ya iso da wuri ya shaida cewa ya tarar da ƙyauren ƙarfe na mafitar a garƙame da kwado. Wata mai shaida kuma ta ce ta ga manajan ya buɗe shi kafin a fara kallo. Ba a tabbatar da wanda ya rufe ba, kuma a kan haka aka sallami manajan. Amma akwai wata magana da ta fito a kotun wadda ta fi hukuncin nauyi, ita ce amincewar da aka yi cewa akan rufe mafitar wani lokaci domin hana yaran da ba su biya ba saɗaɗowa ciki. Watau tsoron asarar kuɗin shigar 'yan yara kaɗan ya sa rufe mafita ya zama abin da aka saba. Wannan ɓangare na tarihin silimar Glen magana ce ta kuɗi da talauci, kuma shi ne ɓangaren da siffar ba ta taɓa ba.

Abin ya ƙara muni idan aka tuna da Sunderland. Bayan mutuwar yara 183 a 1883 an yi ta kiraye-kirayen a riƙa yin ƙofofin wuraren taro masu buɗewa waje, kuma daga nan ne aka ƙirƙiro ƙarfen nan da ake gittawa a jikin ƙyaure, wanda da an danna shi ƙofa take buɗewa. Shekara 46 ke nan kafin Glen. A tsakani kuma, ranar 9 ga Janairu, 1927, yara 78 suka mutu a silimar Laurier Palace ta birnin Montreal a Kanada, mafi yawansu a kan matakala. Ashe ba ilimi ne ya yi ƙaranci a Paisley ba, an san maganin tun kafin a haifi iyayen wasu daga cikin yaran. Sai bayan Glen aka ƙara tsaurara ƙa'idojin gidajen silima a Birtaniya, aka wajabta ƙofofi masu buɗewa waje da ƙarfen dannawa, aka kuma iyakance yawan masu shiga. Duk wanda ya taɓa danna irin wannan ƙarfe ya fita daga zaure yana cin gajiyar abin da aka saya da rayukan yaran Sunderland da na Paisley. Wannan shi ne gadon da silimar Glen ta bar wa duniya, kuma abin tunawa da aka yi dominta ya kamata ya nuna shi.

Ana iya kawo hanzari, kuma hanzarin yana da ƙarfi. Na farko, mutum-mutumi ba kotu ba ne, kuma tunda kotu ta wanke wanda aka tuhuma, bai dace a kafa zargi da dutse a tsakiyar gari ba. Na biyu, masu aikin sun zauna da waɗanda suka tsira da dangin mamatan kafin su zana komai, kuma tsohon da ya ga abin da idonsa yana yaro ba lallai ne ya so ya riƙa ganin kwado duk ranar da ya shigo gari ba. Wanda abin ya shafa ya fi mai nazari haƙƙin cewa ga yadda za a tuna masa 'yan'uwansa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba za a ce aikin ya ɓata ba.

Duk da haka hanzarin bai rufe bakin magana ba. Nuna ƙofa ba ya nufin nuna mai laifi. Ko wane ne ya rufe, an dai tarar da ita a rufe, wannan babu jayayya a kansa. Ƙaramar alama a jikin ginshiƙin, ko da siffar ƙyaure ce a gefen sunayen, da ta isa ta sa mai wucewa ya yi tambaya. Bugu da ƙari, waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa tun ranar da aka buɗe aikin, shi kuwa dutse zai daɗe. Nan da shekara hamsin masu kallonsa ba su da kaka ko kakan da zai cike musu giɓin. Abin da za su gani shi ne yarinya mai ƙaunar ƙannenta da jerin sunaye, su ji tausayi su wuce. Tausayi kuwa ba ya sa mutum ya duba ko mafitar zauren da ya kai 'ya'yansa a buɗe take. Aikin ya ɗauke labarin daga sakaci ya mayar da shi kan ƙauna, kuma labarin ƙauna ya fi daɗin ji ga kowa, har da hukumomin da suke biyan kuɗin irin waɗannan ayyuka.

Akwai kuma ita silimar kanta. Kafin ranar 31 ga Disamba, 1929, Glen ta yi shekaru tana tara yaran garin, nan suke ganin dawakai da kaboyi da ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba. Wannan rayuwa ta gidan kallo babu ɗuriyarta a aikin. Silimar ta ɓace sau biyu ke nan, da farko kantuna suka haɗiye gininta, sannan abin tunawa ya taƙaita tarihinta a yini ɗaya.

4.7 Waiwaye Kan El Duniya

Mai karatu Bahaushe ba zai ji wannan labari ba tare da ya tuna da Kano ba. Ranar 13 ga Mayu, 1951, silimar El Duniya ta ƙone, mutum 331 suka mutu daga cikin kimanin 600 da ke kallo, yawancinsu samari. Kwamitin binciken da Gwamna ya naɗa a ƙarƙashin Mai Shari'a Percy Hubbard ya gano cewa fim ɗin naitiret ne ya kama a ɗakin haskawa, wuta ta bi rufi. Sinadari ɗaya ke nan da na Glen, shekara 21 da 'yan watanni a tsakani, kuma a daidai lokacin da masu yin fim a Turai da Amurka suke barin naitiret suna komawa ga wani nau'i marar saurin kamawa.

Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna cewa bayanin kwamitin bai yi tasiri a bakin jama'a kamar jita-jita ba. Abin da ya bazu a gari shi ne azaba ce ta sauka a kan masu zuwa gidan ashararanci, har aka riƙa cewa an nuna abin da bai halatta a nuna ba, sai da gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da sanarwar ƙaryatawa. A shekarar ce kuma aka buɗe silimar Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, cikin tsananin adawa. A Kano laifin ya koma kan mamatan, a Paisley kuwa an wanke mamatan an ɗaukaka su, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai nisa. Amma ta fuska ɗaya sun yi tarayya, domin a duka biyun tunawar jama'a ta kauce wa tambayoyin da suka shafi gini da ajiyar fim da mafita da wanda ya ba da lasisi.

Ba a nufin cewa mutum-mutumi ne ya dace da Kano. Al'ummar Musulmi ba ta kafa siffar mutum domin tunawa, kuma Bahaushe yana da nasa hanyoyin, kamar waƙa, da sanya wa wuri suna, da ƙidayar shekaru daga wani babban al'amari, irin yadda tsofaffi suke lissafi daga yunwar Kakalaba. Ɓangaren aikin Paisley da ba ya karo da wannan al'ada shi ne ginshiƙin, watau rubutattun sunaye a inda jama'a ke wucewa. Yaran Glen 71 an rubuta sunayensu a wuri biyu, a Hawkhead da Dunn Square, kuma tun 2009 akan taru a hasumiyar Cross ranar 31 ga Disamba a ajiye musu furanni. Mutanen El Duniya sun ninka su fiye da sau huɗu, amma abin da ya fi yawo game da su a rubuce-rubuce shi ne adadin nan na 331.